Gwiwar Aimé

Shekara talatin da 'yan kai ina riƙe wa mijina gwangwanin fenti, shi ya sa mutanen Montsaurel suka ɗauka iyakar abin da na iya ke nan. Aimé a gaba da buroshi, ni Huguette a baya da gwangwani da tsumma. Shi ne mai yi wa hanyoyin ƙafa alama a duk kewayen garinmu, kuma ko sisi ba a biyansa. Zane ɗaya na rawaya a jikin dutse ko bishiya, ci gaba. Zane mai lanƙwasa, juya. Biyu a gicciye, ba nan ba ne. Baƙin da ke hawowa tudunmu da sanduna da jaka a baya, su zaga ganuwa, su ɗauki hoton tsohuwar majami'a, sannan su gangara cikin gonaki, ba su san sunansa ba, amma hannunsa suke bi. Kuma mai yawon ƙafa ya fi yarda da fenti a kan idonsa. In ka zana masa rawaya a bakin rijiya, sai ya leƙa ya ga ko akwai tsani.

A cikin hanyoyin duka, wadda Aimé ya fi so ita ce Hanyar Masu Wanki. Daga ƙaramar ƙofar gari take gangarawa, tsakanin katangu biyu na dutse da aka jera ba siminti tun zamanin da ba wanda ya tuna, har zuwa idon ruwan da kakanninmu mata suke wanki. A tsakiyarta ya kafa benci da hannunsa. A kan bencin nan muke cin burodi da cuku in mun gaji, a kansa kuma ya gaya mini likita ya ga wani abu a huhunsa. Hanyar ba mallakar gari ba ce. Ƙasar gidan su Aimé ta ratsa, gona a dama, gona a hagu, kuma ƙaninsa Gervais ne ke noma su duka biyun. Ana barin mutane su wuce ne don haka aka tashi aka gani.

A watan Satumba muka binne Aimé. Furannin kabarinsa ba su gama bushewa ba na ji rugugin katafila ta tagar kicin. Na gangara da silifa a ƙafata. Katangar dama ta riga ta zama tsibi, ana loda duwatsun a babbar mota, wai wani ɗan birni ya saya zai kewaye wurin ninƙayarsa. Bencin na cikin kwata, ƙafafunsa a sama. Gervais na tsaye, hannu a aljihu, 'yar karyarsa Fanette a gindinsa.

Na ce, "Gervais, me nake gani haka?"

"A'a, matar yaya, ke ce a cikin laka da silifa? Aiki kike gani. Tarakta ta gaji da juyi sau biyu saboda wani lungu."

"Hanyar yayanka ce."

"Gonata ce. Na yi masa kara yana raye, shekara nawa? Yanzu kuwa, ki yi haƙuri da ni, matattu ba sa yawo."

Direban katafilar ma sai da ya kau da kai. Na shiga kwatar, na jawo bencin, na ja shi a ƙasa har ƙofar gidana, ina tsayawa ina haki. Ban yi kuka ba, don abin da na ji a ranar ba baƙin ciki ba ne. Tsana ce tsagwaronta, kuma ita ce abu na farko da ya sa na ci abinci da daɗi tun rasuwar mijina.

To, akwai abin da Gervais bai san na sani ba.

A ƙasarmu namiji zai iya gaya maka asirin matarsa, amma ba zai gaya maka gindin bishiyar da yake haƙo tiruf ba. Baƙin naman kazan nan ne da ke yi a ƙarƙashin ƙasa cikin sanyi, wanda sai hancin kare ke gano shi, masu gidajen abinci na birni kuma suna rububinsa kamar zinariya. Kowace Talata ta lokacin sanyi Gervais zai sauka kasuwa da kwando rufe da jan ƙyalle, ya buɗe a hankali, a ga manya-manya kamar dunƙulen hannu. Da su ya yi suna, da su yake ɗaga hanci, da su ake matsa masa kujera a shagon shan kofi. An bi sawunsa an gaji. Tsoho Honoré, abokin hamayyarsa a kasuwa, ya taɓa kwanciya a cikin ƙaya yana jiransa har ya kamu da ciwon ƙirji, amma Gervais ya zaga da shi ta bayan maƙabarta ya bar shi a nan.

Wurin da yake haƙo su ba a gonarsa yake ba, a dajin gari yake, inda duk ɗan Montsaurel ke da ikon tsinta. Ubansu ne ya nuna wa 'ya'yansa biyu, Aimé kuma ya bar wa ƙaninsa, ya ce shi fenti ya ishe shi. Bai tsaya nan ba. Hanyar dawowa daga idon ruwa zuwa gari, wadda kowane mai hankali zai miƙe da ita ta cikin dajin, sai ya karkatar da ita ta yi wani dogon zagaye ta bayan tudu, cikin duwatsu da rana. Masu yawo suna tsinewa, har aka sa wa wurin suna Gwiwar Aimé. In an tambaye shi sai ya ce don a ga kyan kwari ne. Ni dai wata rana ƙafata ta yi bororo, na ajiye gwangwanin na ce ba zan ƙara taku ba sai ya gaya mini gaskiya. Ya ja ni cikin dajin, ya nuna mini daga nesa: wasu gajerun bishiyoyi guda uku, irin waɗanda muke kira ok, da tiruf ke yi a saiwarsu, ƙasar gindinsu fayau ba ciyawa, kamar wuta ta ci.

Ya ce, "Kin gani? To, ki haɗiye."

Na haɗiye kuwa. Ko a gadon asibiti ba mu sake maganar ba.

A watan Nuwamba Maryse Cayrol, magajiyar garinmu, ta kira taro a ɗakin shawara. Yawon tsakiyar Janairu ya matso, ranar da duk gari da ƙauyukan kewaye ke fitowa a zaga hanya tare, kowa da karensa, a dawo a ci wainar ƙwai da tiruf. Ga shi babu hanyar zuwa idon ruwa, kuma babu mai fenti.

Na ɗaga hannu. "Ni zan yi."

Gervais ya yi dariya har hularsa ta zame. "Ranki ya daɗe magajiya, a tambaye ta ko ta san ta wane gefe ake riƙe buroshi. Matar yaya, wannan ba shafa wa burodi man shanu ba ne fa."

"Zan koya, ƙanena. Amma ka gaya mini ta inda zan bi, kar in sake taka maka alkama."

"Ki bi ta inda kika ga dama, in dai ba gonata ba. Ƙasar gari ta ƙare ne?"

"Ko'ina a ƙasar gari?"

"Ko ta kan rufin majami'a kike so."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na waiwaya na tabbata Honoré da magajiya da kowa sun ji. Shiru-shiru ba tsoro ba ne, amma Gervais bai taɓa kallona ya ga wani abu da ya wuce gwangwani ba.

Na yi aikin a sannu. Na fara daga ƙaramar ƙofa, na bi gefen dajin kamar mai shirin haɗewa da Gwiwa, na tsaya. Na koma idon ruwa na taho ta can, na tsaya. Gervais ya zo ya duba, na gan shi ta tagata yana lallaɓa alamomin da yatsa yana murmushi, ya ga duk sun nufi tsohon zagayen yayansa, ya koma gida hankali kwance. Tsakiyar na bari. Sai da yammacin jajiberin yawon, lokacin da na san yana ɗakin taro yana yanka tiruf ana yaba masa, na ɗauki gwangwani da buroshin Aimé na shiga dajin. Na sare ƙaya, na kawar da rassa, na zana rawaya bishiya bayan bishiya, kowace ana hango ta daga 'yar uwarta kamar yadda ya koya mini ba tare da ya san yana koya mini ba. Da na zo wurin bishiyoyin uku na tsaya na kalle su. Ban taɓa su ba. Na yi alamata a jikin wani dutse da ke gefensu, na wuce.

Gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, raɓa ta daskare fari fat a kan gonaki, hazo ya cika kwari har tudunmu ya zama kamar tsibiri. Mutane suka cika dandalin majami'a, 'yan gari da baƙi, da sanduna da huluna da karnuka suna shinshina juna. Kamar kowace shekara, Gervais ne a gaba kusa da magajiya, don shi ke ba da tiruf ɗin walima, yana ta baza kafaɗa. Ni ina can baya tare da masu ciwon gwiwa.

Aka kaɗa ƙararrawa muka fita ta ƙaramar ƙofa. Daga nan ana hango inda Hanyar Masu Wanki take a da: alkama ta tsiro shar a kanta, ko tabo babu. Wasu tsofaffi suka kalla suka girgiza kai. Ni ban kalla ba, ƙeyar Gervais nake kallo.

A bakin dajin, inda kowa ya zaci za a juya dama zuwa Gwiwa, ga sabon zane mai lanƙwasa a jikin bishiya yana nuna hagu, yana sheƙi. Na ga Gervais ya tsaya cak, har wata mata ta yi karo da bayansa.

Ya ce, "An yi kuskure. Dama ake bi."

Magajiya ta ce, "Fenti ya ce hagu."

"Fentin mai koyo! Can ciki laka ce har gwiwa."

Wani ya ce daga baya, "Laka a wannan sanyin? Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, Gervais."

"To, maharba na ciki. Suna bin aladen daji, za a harbi wani."

"Shugaban maharban ga shi nan a bayanka da sanda," in ji magajiya. "Yau ba farauta. Me ya same ka ne?"

Me zai ce? Gaba kura, baya sayaki. In ya yi shiru an shiga, in ya matsa da gardama an gane. Na ga Honoré ya fara kallonsa da ido ɗaya a kanne, irin kallon da yake yi wa kwandon wani a kasuwa. Kafin Gervais ya samo ƙarya ta uku, baƙin da ke gaba sun hango zane na biyu, sun hango na uku, sun shige. Garke ya bi.

Na matsa gaba, na manta da ciwon gwiwa. Wannan kallon ba zan yi shi daga baya ba.

Gervais ya sunkuya zai sa wa Fanette igiya, amma ya makara. Karyar ta gane ƙamshin wurin aikinta. Ita ba ta san asiri ba, abin da ta sani shi ne duk safiya in an zo nan ana ba ta cuku. Ta fizge, ta wuce ta tsakanin ƙafafun mutane tana kaɗa wutsiya, shi kuma yana binta yana ihu, "Fanette! Nan! Zo nan, 'yar banza!" Muka fito fili gaban bishiyoyin uku daidai lokacin da ta isa gindin ta tsakiya. Ta sa hanci a ƙasa, ta yi tono sau biyu da ƙafar gaba, ta zauna ta ɗaga kai tana kallon maigidanta tana jiran ladanta.

Baƙi suka ce kai, kare mai wayo, suka ciro wayoyi suna ɗaukar hoto. 'Yan gari kuwa ƙasar wurin suka kafa wa ido. Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san ma'anar ƙasar da ta yi fayau a gindin ok, kuma nan ba ƙaramin fili ba ne, ya kai faɗin ɗaki uku. Honoré ya cire hularsa a hankali kamar ya shiga majami'a.

Ya ce, "Ashe nan ne. Shekara da shekaru ina bin bayan maƙabarta, ashe ga shi a ƙarƙashin hancina." Ya juya. "Magajiya, nan ƙasar wa ce?"

Maryse ta kalli Gervais, ta kalle ni. "Ta gari ce."

Honoré ya sunkuya ya kwance igiyar karensa. Sai na ji ƙarar ƙarfen igiyoyi ana ɓallewa ta ko'ina, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan daɗi ba.

Gervais ya ratso mutane ya zo gabana. Fuskarsa ta yi fari, kuma a karon farko na ga kamarsa da Aimé, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Kin sani."

"Mai riƙe gwangwani ma tana da ido, ƙanena."

"Yaya ya yi mini alkawari. A gaban babanmu ya yi."

"Ya kuma cika, har cikin kabari. Shekara talatin yana shan zagin baƙi a kan Gwiwar nan saboda kai. Ka taɓa ce masa sannu?"

"Ki goge, Huguette. Don Allah ki goge. Zan buɗe hanyar, zan mayar da katangar."

"Da waɗanne duwatsu? Waɗanda ɗan birni ke shanya tawul a kansu? Fenti yana goguwa, amma je ka goge hancin karen Honoré in gani."

Ya kalli bishiyoyin. Maza uku sun durƙusa a gindinsu, wani har ya ciro wuƙa yana tono, wata mata tana yi wa mijinta tsawa ya yi sauri. Fanette na nan a zaune a tsakiyarsu, har yanzu tana jiran cukunta.

Ya ce, "Aimé ba zai taɓa yin haka ba."

"Na sani. Shi ya sa ka jira aka binne shi. Kai ka ce in bi ta inda na ga dama, gari ya ji. Kai kuma ka ce matattu ba sa yawo. Gaskiyarka, ƙanena. Shi ya sa na gayyato rayayyu."

Bai zo walimar ba. Ni na ci wainar ƙwai faranti biyu, da tiruf ɗinsa a ciki, na sa burodi na suɗe farantin.

Kafin sanyi ya fita, gindin bishiyoyin ya zama kamar inda kaji suka yi tono. Masu gaggawa sun sare saiwoyi da fartanya, kuma Honoré da kansa ya gaya mini wurin ba zai sake yin abin kirki ba. Gervais ya daina sauka kasuwa ranar Talata. A shagon kofi ba a matsa masa kujera, sai dai in ya shigo wani ya yi fito ya kira, "Fanette, zo nan!" a fashe da dariya. Ma'aikatan gari suka ɗauki bencin Aimé daga ƙofar gidana suka kafa shi a gefen sabuwar hanya, yana fuskantar bishiyoyin uku, don ni na zaɓi wurin.

Da aka shiga bazara magajiya ta tsayar da ni a bakin shagon burodi.

"Huguette, saura abu ɗaya. Baƙi biyu sun ɓata jiya, sun bi tsofaffin alamomi ta Gwiwa. Kin san ƙa'ida. In an canza hanya, sai an kankare ta da."

Na san ƙa'idar, Aimé ne ya koya wa garin. Washegari na ɗauki buroshin ƙarfe na tafi. A mararrabar bakin daji zanensa yana nan a jikin bishiyar dama, da 'yar wutsiyar da yake bari a ƙarshe in ya ɗaga hannu. Na sa rawaya na gicciye shi. Daga nan na bi Gwiwar ni kaɗai cikin duwatsu, ina kankare su ɗaya bayan ɗaya. Na san ranar da aka yi kowanne, da abin da muka yi musu a kai, da inda ya zauna ya yi tari. Katafilar Gervais ta cinye rabin hannun mijina a ƙasar nan, ragowar kuwa ni na bi na goge da hannuna. A nan ne kukan da ban yi ba a watan Satumba ya zo, na zauna a kan dutse na yi shi har na ƙoshi.

Ina share ido na hango wani a ƙasa, can cikin alkama, daidai inda Hanyar Masu Wanki take a da. Gervais ne, yana tafe a hankali da 'yar karyarsa a baya, babu kwando a hannunsa. Ya ɗago kai ya gan ni a kan tudu, muka kalli juna daga nesa. Na miƙe, na ɗaga masa buroshin sama don ya gani da kyau, sannan na juya na kankare zane na ƙarshe.